Ranar da Hambali Ya Kawo Wuta

Ni Gariba ban wuce aji huɗu na firamare ba, amma na zauna da mutane iri-iri tun daga Fanteka ta Kaduna har Jidda har nan Doha, kuma da mutum ya buɗe baki nake gane ko ilimi ne zai fito ko iska. Hambali iska ce, irin ta na'urar sanyaya ɗakin da gas ɗinta ya ƙare: ga ƙara, ga huci, babu sanyi. Na san abin da nake faɗa, domin gyaran waɗannan na'urori shi ne sana'ata, kuma shekara biyu gadon Hambali yana saman nawa a ɗakin da mu shida muka kama a Bin Omran.

Aikinsa kai wa mutane abinci a babur, cikin ranar da ko ƙadangare ba ya fitowa. Amma in ka tambaye shi sana'arsa, sai ya gyara zama.

"Ni mai hoto ne. Shekara bakwai na yi a shagon Mudasiru a Gusau. Akwai amaryar da na ɗauka, da angon ya ga hoton sai da ya ƙara sadaki."

Gaskiyar maganar na ji ta ne daga bakinsa ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi, yana ganin kamar mutuwa zai yi. Shekara bakwan ba ƙarya ba ne. Sai dai aikinsa a shagon biyu ne: riƙe labulen nan mai zanen jirgin sama a bayan masu ɗaukar hoto, da kuma tayar da janareta in an ɗauke wuta. A wannan na biyun kam, ya ce, babu kamarsa a duk layin. Kafin Mudasiru ya gama salati, shi ya kunna tocila ya ja igiyar inji. Kyamara kuwa ko goge ta ba a ba shi. Da ya warke sai ya ce surutan zazzaɓi ne.

Ana nan sai Dakta Abdulbaqi, likitan ƙashi kuma shugaban ƙungiyarmu ta 'yan Arewa mazauna Doha, ya sanar cewa zai buɗe shagon hoto a Al Muntazah, yana neman wanda zai riƙe masa. Ga sanyi, ga ɗakin kwana a bayan shago, ga shi za a mayar da takardun mutum hannun sabon kafil, wato ubangidan da ke tsaya wa baƙo a ƙasar nan. Hambali bai bari Dakta ya rufe baki ba, ya miƙe ya ce shi ne ya dace da aikin.

Dakta ya ce, "To, gani ya kori ji. Ka ɗauko mini wani abu in gani."

Da mai hankali ne, da sai ya ari waya mai kyau ya ɗauki 'ya'yan Dakta, a wuce wurin. Amma ina!

"Ranka ya daɗe, hoton waya ai na yara ne. Akwai gidan tarihin hoto a garin nan, na sha kai musu abinci. Suna da tsohon akwatin nan mai ƙafa uku da baƙin ƙyalle, suna bari a ɗauka a wanke a nan take. A kai ƙungiya ranar Juma'a. Da hannuna zan ɗauki hoton kalandar bana, in wanke shi a gabanka, irin yadda muka gada."

Da muka koma ɗaki na ce masa, "Kai, uban wa ka gada? Ka taɓa ganin ɗakin wankin hoto? Shagon Mudasiru ba kwamfuta ce da firinta ba?"

"Injiniya, hoto hoto ne. Wanda ya iya tuƙa tirela, keke zai gagare shi?"

"Kai ko keken ba ka hau ba. Tura shi kake yi."

Amma na yi shiru a gaban mutane, kuma ba don Allah na yi ba. Hambali yana minshari kamar ana jan buhu a kan kwano. In ya samu aikin nan, zai kwashe minsharinsa da bakinsa ya koma Al Muntazah. Saboda haka duk duniya babu mai yi masa addu'ar nasara kamar ni.

Ranar Juma'a bayan an sauko, mu goma sha huɗu muka hallara a ƙofar gidan tarihin. Dakta ya zo da mahaifiyarsa, Hajiya Atine, wadda ta zo duba gwiwa kuma washegari za ta koma gida. Tsohuwa ce da ba ta son hoto, da ƙyar ya lallashe ta ta yarda a yi wannan ɗaya. Sai ga Hambali ya iso cikin kaftani, a kai ya ɗora wata falmaran mai aljihu goma sha biyu, kowane aljihu ya cusa masa takarda don ya kumbura.

Ya shige gaba kamar gidan ubansa. Ɗakin farko na tsofaffin kyamarori ne, jere cikin gilashi.

"Wannan ta Jamus ce, na yi aiki da ƙanwarta. Wannan ta Rasha ce, ba ta son baƙin mutum, sai ka lallaɓa ta. Wannan kuwa," ya tsaya a lungu gaban wani farin akwati da ke gurnani a hankali, ya sassauta murya, "ita ce uwarsu duka. Da ita ake ɗaukar bataliyar soja a tashi ɗaya."

Na'urar tsotse laima ce daga iska. Na gyara irinta sun fi arba'in. Na buɗe baki, ya taka mini ƙafa, na tuna da minshari, na rufe.

Hajiya ta leƙa ta ce, "To ɗan nan, me ya sa take ɗigar da ruwa?"

"Ruwan wankin hoto ne, Hajiya."

"Ikon Allah. Ita ke ɗauka, ita ke wanki. Ta fi matan yanzu."

A ɗaki na biyu akwai wani ƙaton hoto marar kala na wani tsohon masunci a bakin ruwan Al Wakrah, fuskarsa duk ta yamutse, yana ɗinke koma. Kowa ya tsaya yana kallo. Hambali ya yi tsaki.

"Dubi zalunci. Bawan Allah ya zo da fuskarsa an mayar masa da ita yadda take. Da ni ne, da na cike masa kumatu, na haska shi, na cire wannan tsumman kwale-kwalen na sa masa jirgin sama a baya. Ko kallon kyamara bai yi ba. Wannan a Gusau sai mai shi ya ce bai biya."

Dakta ya dube shi ta saman tabarau. Irin kallon likita ne, ba ka sanin ko sallama ce ko tiyata.

Daga nan aka fitar da mu tsakar gidan, inda akwatin yake tsaye a kan ƙafafunsa uku, da baƙin ƙyallensa. Mai kula da shi wata Balarabiya ce doguwa mai farar riga, mu dai Madam muke ce mata. Ta fara bayani da Turanci, ta ɗaga yatsa ɗaya: takarda ɗaya ce tak ga kowace ƙungiya. Nafeesa, sakatariyarmu da ke karatun digiri na uku, ta fara fassara wa Hajiya. Hambali ya ɗaga mata hannu.

"Malama Nafeesa, ki huta. Karatu daban, sana'a daban."

Ya shiga jera mu. Dogaye baya, gajeru gaba, a'a gajeru su koma gefe, Dakta ya karya hula hagu, a'a dama, kowa ya ɗora hannu a gwiwa don agogo ya fito. Minti ashirin muna cikin rana. Gumi ya jiƙe mini riga har ɗan kamfai.

Na ce, "Yalla mana, Hambali! Hoto za ka ɗauka ko kilishi kake shanyawa?"

"Gaggawa aikin shaiɗan, Injiniya. Ka ja cikinka."

Sannan ya yi bisimilla ya cusa kai cikin baƙin ƙyallen. Muka ga ƙafafunsa sun ƙame. Ya fito ya dube mu, ya sake komawa, ya sake fitowa, idanu waje.

Dakta ya ce, "Lafiya?"

"Lafiya lau, ranka ya daɗe. Sai dai sun ɗaura abin a kife. Duk kanku yana ƙasa, ƙafafu a sama."

Hajiya Atine ta zabura ta dafe zanenta da hannu biyu.

"A'uzubillahi! Ƙafafun wa ke sama? Kai ɗan nan, me ka gani?"

"Babu komai, Hajiya, wallahi..."

"Abdulbaqi, ka kawo ni ƙasar mutane da tsufana a kife ni a gaban maza? Kai kuma har sau biyu kana komawa kana leƙe!"

Nafeesa, tana danne dariya, ta yi mata bayanin cewa haka irin wannan akwatin yake nuna kowa a gilashinsa, zane kuma ba ya zamewa. Hajiya dai ba ta saki ba, ta ƙara ɗaure shi tamau.

Hambali ya ce, "Tamu ta Gusau a miƙe take nuna mutum, tana da tarbiyya. Bari in gyara musu." Ya rungumi akwatin zai juya shi. Ƙafa ɗaya ta lanƙwashe, akwatin ya taho ƙasa, Madam ta yi ƙara, na yi tsalle daga layin baya na tare shi da hannu, ƙarfen ya datse mini babban yatsa. Abin da na faɗa a lokacin ba na rubutawa ba ne, ranar Juma'a ce.

Daga nan Madam ba ta ƙara matsawa daga jikin akwatin ba. Ita ta daidaita shi, ita ta zura takardar cikin wani siririn allo, ta nuna wa Hambali murfin da ke bakin gilashi: ya cire, ya ƙirga shida, ya mayar. Ya cire ya fara.

"Ɗaya. Kowa ya ƙame. Biyu. Wannan shi ake kira aiki. A shekarar da na ɗauki wani ɗan majalisa..."

Madam ta fizge murfin ta mayar da kanta. Hambali ya karkaɗe hannu ya ce, "Khalas! An ɗauka."

Abin mamaki, an ɗauka ɗin. Madam da kanta ta ce tana ganin zai yi kyau. Dakta ya share gumi ya ce, "To Malam Hambali, in ya fito, ranar Lahadi ka zo ka ga shagon."

Na ji kamar in rungume Madam. Saura wanki kawai, kuma ita za ta yi. Abin da ake bukata daga Hambali shi ne ya tsaya kamar turke na minti biyar.

Ɗakin wankin ƙarami ne, mutum shida yake ɗauka. Aka zaɓi Dakta da Hajiya da Nafeesa da ni da gwanin, sauran suka tsaya a bakin ƙofa tare da wasu baƙi Turawa da ke jiran layi. Madam ta miƙo kwando kowa ya zuba wayarsa. Hambali ya jefa tasa da ƙasaita. Ta biyun, wadda yake karɓar odar abinci da ita, tana aljihu na tara. Na gan ta, amma ban kawo komai a raina ba.

A ciki akwai faranti uku masu ruwan magani mai warin tsami. Madam ta rufe ƙofa ta ja labule, ta fara bayani tana nuna fitilar sama, tana nuna takarda, tana girgiza yatsa. Hambali kuwa ya juya mata ƙeya yana yi wa Hajiya nasa karatun.

"Wannan farantin na farko na jiƙo ne, Hajiya, kamar dai wanki. Na biyu ɗauraya. Na uku shi ne bula."

Nafeesa ta ce, "Malam Hambali, ta ce fa yanzu za ta..."

"Mun sani, Malama. Tun kina goye muke wannan."

Ɗif! Ɗakin ya yi baƙi ƙirin.

To, a nan zan faɗi gaskiya ko da a kaina ne. Shekara tara ina ƙasar nan ban taɓa ganin an ɗauke wuta ba, amma hannuna sai da ya kai aljihu yana laluben waya. Na ji Dakta ma yana shafa nasa. Wanda ya tashi a inda muka tashi, duhu ba ya yi masa sallama ya tsaya tambaya. Akwai wata 'yar jar fitila can sama, amma idon da ya fito daga rana bai isa ya gan ta nan take ba.

Hajiya ta ce, "Inna lillahi. Har nan ma suna yi?"

Wannan kalma ita ta tayar da shekara bakwai da ke kwance a jikin Hambali.

"Kowa ya tsaya inda yake! Kada wanda ya motsa!"

Fau! Tocilar waya ta haska, kuma ba ta sauka ko'ina ba sai a kan takardar da Madam ta zaro tana sakawa a farantin farko.

Madam ta ƙwalla ihu da Larabci, "La! La! La!"

"Kwantar da hankalinki, Madam, ina nan! Mata da tsoron duhu!"

Nafeesa ta kai hannu za ta ƙwace wayar, ya goce. Na kai masa cafka, na kama gyalen Hajiya, ta sakar mini jaka a ka. Kafin in farfaɗo ya bi bango da tocila ya gano makunnin, wanda aka rufe da murfin roba aka manna masa jan gargaɗi. Ya ɓalle murfin ya danna. Farar wuta ta cika ɗakin tar. Bai tsaya nan ba, ya yaye labule ya bankaɗe ƙofa, ya leƙa kan jama'ar da ke waje yana haki.

"An samu ta nan! Ina injin gidan yake, in duba mai?"

Babu wanda ya amsa. Turawa suka ja da baya. Mutanenmu suka miƙo wuya.

Mu kuwa na ciki farantin muke kallo. Wallahi sai da na ga inuwar hular Dakta ta fara leƙowa a takardar, da wani abu kamar kafaɗar Hajiya. Sannan baƙi ya taso daga gefe ya haɗiye hula, ya haɗiye kafaɗa, ya haɗiye mu goma sha huɗu da minti ashirin ɗinmu na rana. Madam ta ɗaga takardar da ɗan awartaki, tana ɗiga, baƙa wuluk kamar gindin tukunya.

Hambali ya dawo yana murmushi, yana jiran yabo. Ya dubi takardar. Ya dube mu.

"Bai gama nuna ba ne. A mayar da shi."

Nafeesa ta ce, "Ya nuna har ya ƙone. Haske ne ke kashe shi. Abin da Madam take ta faɗa ke nan kana zancen bula."

Hajiya ta matso da fuska dab da takardar. "Ina nake a nan?"

"Kina... kina ta tsakiya, Hajiya."

"To ko a kife nake, babu mai gani. Alhamdu lillahi."

Dakta ya roƙi Madam ko za a sake. Ta nuna agogo, ta nuna yatsa ɗaya, ta nuna ƙofa, duk ba ta dubi Hambali ba. Dakta ya cire tabarau ya goge a hankali.

"Malam Hambali, shekara bakwai a shagon hoto. Wane aiki kake yi musu?"

"Ranka ya daɗe, fannoni ne da yawa..."

Yatsana yana zogi, kaina yana zogi, ga Al Muntazah na gani tana tafiya da barcina. Na ji abin ya taso mini tun daga ƙafa.

"Fannonin uwar wa! Janareta yake tayarwa! Janareta da riƙe labule! Ko goge kyamara Mudasiru bai taɓa ba shi ba! Na rufa maka asiri ka kira injin tsotse laima uwar kyamarori, na rufa maka ka kife Hajiya, na ba da yatsana, abu ɗaya aka ce ka yi, ka tsaya kamar jaki a duhu, shi ma ya gagare ka!"

"Injiniya, surutan zazzaɓi ne..."

"Yau ma zazzaɓin ne ya kunna tocila?"

Dariya ta ɓarke a bakin ƙofa, har wani Bature da bai ji ko kalma ɗaya ba yana tayawa. Hajiya ta ɗaga hannu aka yi shiru.

"Ku bar yaro. Ni dai shekarata saba'in da huɗu ana ɗauke mini wuta, ban taɓa ganin wanda ya dawo da ita da sauri kamar ɗan nan ba. Abdulbaqi, in ba ka so, ka ba ni shi in tafi da shi gobe. Unguwarmu kwana uku ke nan babu."

Dakta ya mayar da tabaransa. "Ki tafi da shi, Hajiya. Shagona ba a ɗauke masa wuta."

Shagon dai wani ɗan Bangaladash aka ba, wanda ba ya magana sai an tambaye shi. Hambali yana kai masa shinkafa a babur ranar Talata da Alhamis.

Kalanda kuwa ta fito, domin Nafeesa ba ta yafiya. Ta karɓo takardar daga Madam ta sa aka buga ta a shafin gaba yadda take: baƙin murabba'i, a ƙasansa an jera sunayenmu goma sha huɗu daga hagu zuwa dama, na tsaye da na zaune, sannan da manyan baƙaƙe, Ɗauka da Wanki: Hambali Gusau. Ba a taɓa wawashe kalandar ƙungiya kamar ta bana ba.

Na ɗauka zai ɓoye fuska. Sai ga shi ya kafa ta a bango saitin gadonsa, wato saitin kaina. Makon jiya wani sabon zuwa ya sauka a ɗakinmu, ina shigowa na tarar Hambali ya tsayar da shi gabanta.

"Wannan a gidan tarihi na yi shi. Ba kowane ido ke gani ba. Ka ga nan? Dakta ne. Nan mahaifiyarsa."

Baƙon ya ƙura ido har da karkata kai, ya ce, "Wannan wajen da ya fi baƙi fa?"

Hambali ya waiwayo ya dube ni.

"Wannan Injiniya ne. Zuciyarsa ce ta fito."